Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ikilisiyoyin Jihar Katsina: Wa Za Mu Miƙa Wa Aikin Nan?

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, bishof-bishof, fastoci, limaman Katolika, dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata na jihar Katsina.

Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da hidima, barkanku da haƙuri da jama'a. Allah ya ƙara muku lafiya da hikima, ya tsare ku a kan hanyoyin da kuke bi don ziyartar garken da ya danƙa muku.

Masu wannan wasiƙa malaman makarantar Lahadi ne, da katikis-katikis (masu koyar da tushen addini a ikilisiya), da masu koyar da ajin baftisma, da wasu iyaye mata masu koyarwa a zumunta, daga ɗarikoki dabam-dabam, tun daga cikin birnin Katsina har Malumfashi, Kafur da Funtuwa. Muna magana ne a madadin yaran da ke zaune a gabanmu kowace Lahadi, da sababbin masu bi, da tsofaffin masu bishara waɗanda ba su da kujera a zaman majalisa.

Abin da ya tashe mu shi ne kasafin kuɗin da majalisun ikilisiyoyi da dama suka karanta wa jama'a a ƙarshen shekara. An fara da gini, aka bi da katanga, da tayil, da lasifika, da kujerun roba, da janareto. Makarantar Lahadi da ajin baftisma da horar da malamai kuwa, inda aka ambace su ma, sai can ƙasa a cikin "sauran abubuwa". A wasu wuraren har an yanke shawarar cewa duk Lahadin da za a yi gidauniyar gini, yara su zauna a babbar sujada, a ɗage darasinsu. Mun san wahalar samun fili da izinin gini, mun san daɗin yin sujada a ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo, kuma akwai guminmu a cikin bulon nan. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tsoronmu shi ne mu gama ginin mu rasa waɗanda za mu bar wa shi.

Manzo Bulus ya lissafa hannu huɗu a cikin aya guda, 2 Timoti 2:2: shi Bulus ya koya wa Timoti, Timoti ya danƙa wa amintattun mutane, su kuma su iya koya wa waɗansu. Littafin Mahukunta 2:10 ya nuna abin da ke faruwa in hannu ɗaya ya saki: bayan Joshuwa da tsaransa, sai aka sami tsarar da ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Tarihinmu na nan gida ma haka ya tafi. A zamanin Turawan mulki ba a sakar wa 'yan mishan mara su yi wa'azi a masarautun Arewa ba, sai a shekarun 1930 ƙungiyar 'yan mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta sami ƙofa ta hanyar jinyar masu cutar kuturta, a Babbar Ruga kusa da Katsina, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Daga wanke gyambo da koyar da karatu aka fara. A 1954 aka kafa ɗarikar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, a 1990 Angilika ta kafa dayosis ɗin Katsina, wato yankin da bishof ɗaya ke kula da shi, a 2023 kuma Fafaroma Francis ya kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishof na farko. Tsakanin waccan jinya da wannan naɗi akwai malamai da katikis da iyaye mata masu yawa waɗanda ba a rubuta sunansu a jikin kowane bango ba. Su ne suka ɗauko mu, kuma irin aikinsu ne kasafin bana ya manta.

Mu fara da makarantar Lahadi, domin a nan ɓarakar ta fi faɗi. Ku leƙa bayan majami'a da safiyar Lahadi. Za ku tarar da yara a kan tabarma ɗaya a gindin darbejiya, daga ɗan shekara huɗu har 'yar shekara goma sha uku da ke goye da ƙaninta, malama ɗaya a tsaye da tsumagiya a hannu, babu littafin darasi. Rabin lokacin yana ƙarewa a "ku yi shiru". In ta sauko wurin ƙananan, manyan su gaji; in ta hau wurin manyan, ƙananan su fara kuka. Manyan ne ke fara ɓacewa. Yaron da ake ta maimaita masa labarin Dawuda da Goliyat tun yana ɗan shekara biyar, in ya kai goma sha uku zai ɗauka iyakar abin da ke cikin Littafin ke nan, sai ya koma bakin ƙofa wurin masu taɓa waya.

Ku yi lissafin da kanku. Lahadi 52 ce a shekara. In darasi minti 45 ne, sa'a 39 ke nan yaro ke samu a shekara guda. A cire Kirsimeti da Ista da godiyar girbi da ranar mata da ranar matasa da gidauniya da ruwan safe na watan Agusta. In Lahadi goma suka tafi, abin da ya rage sa'a 31 da rabi ne, bai kai kwana ɗaya da rabi ba. Ga shi a garuruwa da yawa yaranmu ba sa samun malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati. Wannan ɗan lokacin ne kawai muke da shi, shi ne kuma ake yanka don gidauniya.

Gyaran ba ya bukatar sabon gini. A raba yara gida huɗu: shekara 4 zuwa 6, 7 zuwa 9, 10 zuwa 12, sai 13 zuwa 17. Kada aji ya wuce yara 20, kuma kowane aji ya kasance da manya biyu, malami da mataimaki, a wurin da ido ke gani. Dalili biyu ne: kariya ce ga yaro da malamin duka daga abin da ba a fata da kuma zargi, sannan mataimakin nan shi ne malamin baɗi. Ya yi wata uku yana kallo, wata uku yana ɗaukar waƙa da ayar haddacewa, daga nan ya riƙa koyar da darasi sau ɗaya a wata, malami yana zaune yana saurare, su tattauna bayan an tashi. Minti 45 ɗin kuma a tsara su: biyar na addu'a da waƙa, biyar na tuna darasin makon jiya, goma sha biyar na labari daga buɗaɗɗen Littafi, goma na tambayoyi, goma na haddace aya. Kashin tambayoyi ne malamai suka fi tsallakewa don tsoron kada yaro ya tambayi abin da ba su sani ba. Maganin wannan shi ne fasto ko katikis ya zauna da malamai sa'a ɗaya kowace Juma'a da yamma, a bi darasin tare. Inda ba a yin wannan zaman, malami yakan buɗe darasinsa ne a kan hanyar zuwa majami'a.

Kowane aji kuma ya sami rajista mai ɗauke da sunan yaro, da na wanda yake hannunsa, da unguwa ko ƙauyensu. In yaro ya yi Lahadi uku ba a gan shi ba, a je gidan. Sau da yawa za a tarar ba taurin kai ba ne: ko zazzaɓi, ko rashin takalmi, ko an tura yarinya aikatau birni ba wanda ya sani.

Magana ta biyu ita ce karatun Hausa. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka kuma fitar da sabuwar fassara a 1980. Amma yau muna da matsala iri biyu. A ƙauye akwai manya da yawa, musamman mata, da ba su iya karatu ba sam. A gari kuma akwai yaran da suka yi boko da Turanci, suna jin Hausa tamkar kowa, amma in aka miƙa musu Littafin su yi karatu a sujada sai su yi ta tuntuɓe, su karanta "baƙi" a matsayin "baki", "ƙafa" a matsayin "kafa". Wanda ba ya iya karanta wa kakarsa sura guda da yarenta, da wuya ya zama mai miƙa mata ko wa ƙannensa wani abu. Ajin yaƙi da jahilci da iyayenmu suka yi ya kamata ya dawo. Lokacinsa rani ne, daga an gama kai amfanin gona gida zuwa kafin sharar gona, wato kamar Disamba zuwa Afrilu, dare uku a mako, sa'a ɗaya kowane zama. Kayan aikin allo ne da alli da fitila mai aiki da hasken rana da littafin rubutu ga kowa. A fara da wasula biyar, a bi da haɗa gaɓoɓi, sai a ware makonni musamman don ɓ, ɗ, ƙ, 'y, ts da sh, domin a nan ɗalibai ke maƙalewa. Ajin mata ya zama dabam, a lokacin da su suka zaɓa, don in aka sa shi daidai da girkin dare zai watse cikin mako biyu. Kowace ikilisiya kuma ta tsayar da fassara ɗaya don haddace ayoyi. Yaron da ya haddace daga Yohanna a gida, ya zo aji aka ce ya buɗe Yahaya, ko ya san Kubawar Shari'a aka ce Maimaitawar Shari'a, yakan rikice. A bayyana masa bambancin sau ɗaya, sannan a tsaya a kan guda.

Sai ajin baftisma. Ya zama al'ada a buɗe shi 'yan makonni kafin Kirsimeti ko Ista, a haddace amsoshin tambayoyin da dattawa za su yi, a yi baftisma, a ɗauki hoto, shi ke nan. Bayan wata shida in ka tambayi ina wane, babu mai amsa. Muna ganin ajin kada ya gaza wata shida. Abin da ya fi wannan muhimmanci ma shi ne shekarar da ke biye. Kowane sabon mai baftisma a haɗa shi da wani tsayayyen mai bi, namiji da namiji, mace da mace, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, ko a gona ne ko a zaure ko a bakin murhu. Tsarin karatun mai sauƙi ne: sura ɗaya a mako, Markus sura 16, Ayyukan Manzanni sura 28, Yakubu sura 5, jimla mako 49, kusan shekara cif. Su karanta, su tambayi juna abin da surar ta ce da abin da za su yi da ita a makon, su yi addu'a.

Mun ga inda irin wannan tsarin ya lalace, kuma dalilan kusan iri ɗaya ne. Akan ɗora wa dattijo ɗaya mutum goma don shi ne aka fi yarda da shi, sai ya kasa ganin ko ɗaya. Biyu sun isa. Wani lokaci zumuncin ya koma na rance da roƙo, sai kunya ta raba su. Taimakon kuɗi ya bi ta hannun dattawa ko kwamitin taimako. Mafi muni shi ne asirin da sabon mai bi ya faɗa ya fito a matsayin "roƙon addu'a" a taron zumunta. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake buɗe cikinsa ga kowa ba. Shi ya sa zaɓen mai riƙon ya fi komai wuya: a duba mai riƙe baki, mai biyan bashi, wanda iyalinsa ke jin daɗin zama da shi, ko da bai iya tsayawa a bagade ba. A cikin Ayyukan Manzanni, Bilkisu da mijinta Akila ba su tsawata wa mai wa'azi Afolos a gaban jama'a ba, gefe suka ja shi suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Wasiƙar Titus sura 2 kuma ta ɗora wa tsofaffin mata koyar da ƙananan mata, aikin da zumuntar mata ta fi kowa iyawa in aka ba ta wuri a tsarin ikilisiya, aka daina tuna ta sai ranar girkin taro.

Iyayenmu, ku ba mu dama mu yi maganar masu bishara na ƙauye. Su ne ke zaune a inda mota ba ta shiga da damina, wasunsu a yankunan da 'yan bindiga suka addaba. Ɗan abin da ake ba su yakan makara. Akan yi musu canjin wurin aiki a tsakiyar damina, mutum ya bar gero da dawarsa a gona, 'ya'yansa su bar makaranta a tsakiyar zango. Sabon da ya zo ba ya tarar da ko takarda ɗaya da ke gaya masa wa ke ajin baftisma, wace gwauruwa ce ke bukatar ziyara, wane gida ne ake sulhu, wane mai unguwa ne ya kamata ya fara gaisarwa. Aikin shekara biyar sai ya koma farko. In sun tsufa kuma, da yawa sukan koma gida ba su da ɗakin kansu. 'Ya'yansu suna kallo, kuma abin da suka gani ya fi wa'azinmu ƙarfi a ransu. Kada mu yi mamaki in muka yi kiran masu shiga makarantar Littafi Mai Tsarki aka yi shiru.

Akwai kuma gadon da ke salwanta a hankali ba tare da hayaniya ba. Tsofaffin da suka ga farkon bishara a ƙauyukanmu suna ƙarewa. Rajistocin baftisma da na aure suna cikin kwali a ɗakin ajiya, gara na ci, ruwa na jiƙawa, wasu kuma an baro su a garuruwan da aka gudu aka bari. Waƙoƙin da iyayenmu mata suka tsara da bakinsu ba a rubuce suke ba. Wayar hannu ɗaya ta isa fara ceton wannan. Matasa biyu su je wurin tsoho da safe lokacin da yake da ƙarfi, su nemi izininsa, su faɗi sunansa da garin da ranar a farkon naɗin murya, kada zama ya wuce minti 45, gara a koma sau uku. Tambayoyin su zama gajeru: wa ya fara kawo muku bishara, wa ya koya maka karatu, ina aka fara taruwa, wace waƙa kuka fara koya, wa kai kuma ka koya wa. A bar shi ya yi magana, kada a gyara masa. A ɗauki hoton kowane shafi na rajista da hasken rana, a ajiye kwafi a wuri uku: wurin sakataren ikilisiya, ofishin gunduma ko dayosis, da ma'ajiyar intanet mai mabuɗin da mutum biyu suka sani. Kada a dogara da WhatsApp kawai, waya ɗaya in ta ɓace ko ta lalace komai ya tafi. Littattafan kansu a sa su a akwatin ƙarfe, a ɗora a kan benci nesa da bango. Abin da zai iya jefa wani cikin haɗari kuwa, kamar sunayen waɗanda ba su so a bayyana su, kada ya fita daga hannun shugabanni. Matasan da suka yi wannan aikin sukan dawo da wani irin riƙon bangaskiya da aji ba ya bayarwa, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Matasanmu kuma suna tafiya Kano, Kaduna da Abuja neman karatu ko aiki, babu wasiƙar gabatarwa, babu lambar wani fasto a can. Rubuta layi biyar da buga waya ɗaya ba sa cin kuɗi. Waɗanda suka rage a gida, muna da kafintoci da teloli da makanikai da ma'aikatan jinya a kan bencinmu da za su iya ɗaukar yaro ɗaya-ɗaya su koya masa sana'a. A shagon ne zai ga ko maigidansa yana cika alkawari, ko mudunsa cikakke ne, ko yana zuwa gaisuwar mutuwa da barkar suna a gidan maƙwabcinsa Musulmi. A jihar da mu ne marasa rinjaye, yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa jin wa'azinmu ba, halinmu a kasuwa da unguwa suke gani.

Saboda haka muna roƙonku, cikin ladabi, ku sake buɗe kasafin bana ku ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na baiko don koyarwa, a rubuta shi a layinsa na kansa, a kuma karanta wa jama'a yadda aka kashe shi kamar yadda ake karanta na gini. Muna roƙon a soke shawarar ɗage makarantar Lahadi saboda gidauniya. A yi gidauniyar, yara kuma su yi darasinsu. Muna roƙon kowace gunduma ko dayosis ta shirya wa malamai horo na kwana uku sau ɗaya a shekara, a lokacin hutun makaranta, da Hausa, ikilisiya ta biya kuɗin mota da abinci. Canjin wurin aikin masu bishara ya koma bayan girbi, tsoho da sabo su yi aƙalla mako biyu tare, a kuma miƙa littafin aiki a gaban dattawa. Haƙƙinsu ya fita kafin a sayi buhun siminti na wannan watan, kuma a fara tanadin ɗaki ga kowane mai bishara tun kafin ya ajiye aiki. Aikin naɗar muryoyin tsofaffi ya fara a wannan ranin, a fara da waɗanda suka fi tsufa.

Roƙo na ƙarshe ya shafe ku kai tsaye. A rahoton shekara, bayan yawan mambobi da yawan baiko, a ƙara layi ɗaya da kowane fasto da dattijo da shugabar zumunta za su cika: sunayen mutum biyu da suke koya wa aikinsu, da abin da waɗannan biyun suka riga suka fara yi da kansu.

Muna fata a karanta wannan wasiƙa a zaman majalisarku na gaba, a kuma gayyaci malami ɗaya da mai bishara ɗaya su zauna a wurin. A shirye muke mu kawo tsarin darasi na wata uku da samfurin rajista da na littafin miƙa aiki ga duk ikilisiyar da ta nema.

Mu ne naku cikin hidimar Ubangiji,
Wasu malaman makarantar Lahadi, katikis-katikis da masu koyarwa a zumuntar mata na jihar Katsina.